Tsingaron Kasala da zinariyar Bajarawiya

A watan Yulin 2020 ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi ta Sudan suka isa Jabal Maraga, wani kufai a hamadar Bayuda, kimanin kilomita 270 arewa da Khartum. Wurin ya kai shekara 2,000, tun zamanin daular Marawi. Suka tarar da katafila biyu da mutum biyar, da rami mai zurfin mita 17 da tsawon mita 20 a daidai inda kufan yake. Duwatsun tsohon ginin kuwa an jera su an ɗora musu rufi, nan masu haƙar ke cin abinci. Masana sun ce dutsen wurin yana ɗauke da wani ma'adini mai sa jihaz, wato na'urar neman zinariya, kuka ko babu zinariyar, don haka wataƙila ma a banza aka yi ɓarnar. An kai mutanen wurin 'yan sanda, bayan 'yan awoyi aka sake su.

A majalisunmu na Hausawan Sudan a Gadarif da Madani da Mai Wurno da wuya ka rasa wanda ɗansa ko ƙanensa ya taɓa tafiya dahaba, wato haƙar zinariya. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinariya ce ta riƙe ƙasar, kuma mafi yawanta daga hannun masu haƙa da diga da jihaz take fitowa. Shi ya sa idan irin wannan labari ya taso ba a cika yin tir ba. Tambaya ake yi: Bature ya zo da takardar izini ya tone kabari ya kwashe abin ciki, an ce masani, yaronmu ya tone don ya samu na sawa a bakin salati, an ce ɓarawo. Ina bambancin?

Tambayar ba ta wauta ba ce. Akwai lokacin da bambancin bai taka kara ya karya ba.

A 1834 wani likitan soja ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, wanda ya zo tare da rundunar Turkawan Masar, ya samu izinin gwamnan Khartum ya nufi Bajarawiya, kusa da Shandi, inda dalolin sarakunan Marawi suke. Dalar sarauniya Amanishakheto tana cikin mafi kyawunsu. Wani matafiyi Bafaranshe ya zana ta a 1821 tana tsaye kusan cif. Ferlini ya sa leburori suka rushe ta tun daga sama. Ya samu zobba da awarwaro da sauran kayan ado na zinariya, ya kai Turai, inda da farko masu saye suka yi ta ɗari-ɗari, don ba su yarda irin wannan aiki zai fito daga ƙasar baƙar fata ba. Daga baya aka raba kayan tsakanin biranen Munik da Balin na Jamus, suna can har yau.

Rushe dalar laifi ne babba, amma akwai wanda ya biyo baya. Ferlini ya rubuta cewa a wani ɗaki can kusa da ƙololuwar dalar ya samu dukiyar. Dalolin Sudan kuwa ba su da ɗaki a ciki. Cike suke da ɓaraguzai da tsakuwa, an yi musu riga da sassaƙaƙƙen dutse. Kabarin yana ƙarƙashin ƙasa, ana sauka gare shi ta matakala da aka sara a cikin dutse, sannan akwai ɗan ɗakin ibada a manne ta gabas. Masana da yawa yau suna ganin a ƙasan ya samu kayan. Sai dai maganarsa ta bi duniya, masu neman dukiya suka bi dalolin suna sare musu kai. Wanda ya je Bajarawiya ya ga yadda suke jere gundul-gundul. Kuma tun da babu wanda ya auna ko ya zana inda kowane zobe yake kwance, babu hanyar da za a bi a tabbatar.

A nan gizo ke saƙa. Masanin kufai ba ya samun labari daga abin da ya tono shi kaɗai. Daga mazaunin abin yake samu: zurfinsa, abin da ke ƙarƙashinsa, abin da ke samansa, abin da ke gefensa. Ƙasa tana taruwa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Gawayin da ke cikin murhu guda da tukunya, idan aka yi masa gwajin kabon 14, shi zai faɗi shekarun tukunyar. A ɗauke tukunyar a kai kasuwa, ta zama kayan ado kawai. Aikin kamar na mai bin sawun shanun sata ne: muddin sawun na nan zai gaya maka yawan ɓarayin, da inda suka tsaya, da wanda ke ɗingishi a cikinsu, da zarar wani garke ya bi ta kai, shi ke nan, ko an kamo saniyar ba za ta faɗa ba. Kuma tono, ko na masani ne, lalatawa ne. Ba a tone rami ɗaya sau biyu. Abin da ya rage bayan an gama shi ne littafin da aka rubuta, da zane, da hoto, da lambar da aka sa wa kowane abu.

Labarin George Reisner ya nuna amfanin wannan littafi fiye da duk wani bayani. Ba'amurke ne, yana yi wa Jami'ar Harvard da gidan kayan tarihi na Boston aiki. Tsakanin 1913 da 1916 ya yi tono a Karma, arewa da Dangola, kusa da shallal na uku na Kogin Nilu. Ya tarar da Dafufa, ƙaton ginin tubali mai tsayin kusan mita 18, da maƙabarta mai dubban kaburbura, wasunsu tuddai ne masu faɗin da ya kai mita 90. A cikin ɗayan manyan ya samu mutum-mutumin wani hakimin Masar mai suna Hepzefa da na matarsa Sennuwy. Nan take ya yanke hukunci: Karma sansanin Masarawa ne, Hepzefa gwamnansu ne, a nan aka binne shi, duk abin kirki da ke wurin aikin Masarawa ne, kuma ya lalace ne da suka cakuɗa da 'yan ƙasa. Tunanin zamaninsa ke nan, bai ɓoye ba.

Ya yi kuskure, kuma kuskuren wariyar launi ne. Amma mutumin ya iya rubutu. Kowane kabari da lambarsa, kowane kwarangwal da zanen kwanciyarsa, kowace tukunya da inda aka same ta. Da wannan rubutu nasa aka kayar da shi. Kabarin Hepzefa na ainihi yana Asyut, can cikin Masar. Tukwanen da ke tare da mutum-mutumin sun nuna an yi tudun ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Ashe kayan Masar ne da suka faɗo hannun sarakunan Karma, suka binne su tare da su don nuna isa. A 2003 ma'aikatan gidan tarihi na Birtaniya, suna goge bangon kabarin wani gwamna a Alkab ta kudancin Masar, suka karanto rubutun da ke ba da labarin yadda rundunar Kush, wato daular Karma, da ƙawayenta suka kutsa cikin Masar.

Wanda ya kammala juya labarin shi ne Charles Bonnet, ɗan Siwizalan, wanda ya fara tono a Karma a 1977 ya kuma shafe gomman shekaru yana dawowa. Maimakon ya tsaya kan kaburburan sarakuna, sai ya share ƙasar da ke kewaye da Dafufa. Birni ya fito: lunguna, gidaje, rumbuna, gidajen gashin burodi, ganuwa da gwalalo, da wata babbar bukka zagayayya da ake ganin zauren fada ce. Daula ce ta 'yan ƙasa da ta rayu kusan shekara 1,000, daga wajen 2500 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. A 2003 kuma, a Dukki Gel da ke dab da nan, tawagarsa ta tono rami ɗauke da mutum-mutumi bakwai na sarakunan Kush na baya, cikinsu har da Taharka, wanda ya mulki Sudan da Masar gaba ɗaya daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa. An kakkarya su, amma an binne gutsattsarin a tsanake. Suna gidan tarihi na Karma, ba su bar garin ba.

Ya kamata a leƙa cikin kabarin Karma guda, don a ga abin da katafila ke haɗiyewa a cokali ɗaya. Mamacin yana kwance kan gado, a gefensa na dama, ƙafafu a naɗe, kai a gabas, fuska na duban arewa. Gadon irin angarib ɗin nan ne da ke kowane tsakar gida a Sudan, wanda har gobe a kansa ake ɗaukar gawa zuwa maƙabarta, sai dai na manya an sassaƙa ƙafafunsa kamar na sa, an yi masa ado da hauren giwa. Gefensa akwai takalman fata, da maficin gashin jimina, da wuƙa, da tumaki. Ga kofunan yumɓu ja masu baƙin baki, sirara har kana tsoron taɓawa, kuma da hannu aka gina su. A waje, ta kudancin tudun, an jera ƙoƙunan kan shanu. Akwai kabarin da aka ƙirga sama da 4,000 a gabansa, wasu an lanƙwasa musu ƙaho tun suna maruƙa, yadda makiyayan Kudu ke yi har yanzu. Akwai kuma abin da ba ya daɗin ji: a wani tudu guda Reisner ya ƙirga sama da mutum 300 da aka binne don su raka sarki. Wanda ke neman kakannin da zai yi alfahari da su kawai, ƙasa ba ta yi masa alkawarin haka ba.

A cikin duk wannan, abin da jihaz zai yi wa kuka bai wuce wuƙar ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba shi da sarki ko ɗaya a ciki. A shekarun 1980 wata tawagar haɗin gwiwa ta Jami'ar Khartum da wata jami'ar Amurka ta yi tono a wani kufai kusa da Khashmal Girba, a yankin Kasala, suka sa masa lamba KG23. Suka tattara tsingaro buhu-buhu, suka rubuta hawan da kowanne ya fito, suka adana. Bayan shekara talatin da wani abu wasu masana suka sake ɗauko shi suka sa a madubin ƙara girma. Maginan tukwane na wancan zamani suna cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi don kada ya tsage a wuta. Ƙaiƙayin ya ƙone, amma ya bar hatiminsa a jikin tukunyar. To dawar daji da ta gida suna da bambancin da duk manomi zai gane: ta daji da ta nuna sai ta kakkaɓe da kanta, ta bar gurbi sumul, ta gida tana riƙe da zangarniya sai an sussuka, gurbinta a yage yake. A tsingaron nan aka ga iri biyun a cakuɗe. Ma'ana, wajen shekara 5,000 da suka wuce mutanen wannan yanki suna tsakiyar mayar da dawar daji ta gida. Sakamakon ya fito a 2017, kuma yana cikin mafi tsufan shaidar noman dawa da aka samu a duniya.

Duk Bahaushen da ya taɓa yankan dawa a mashari'an Gadarif, manyan gonakin nan, ko ya ci tuwonta a Kano ko Damagaram, wannan labarinsa ne. An same shi ne daga abin da mai dahab ke turewa da ƙafa a bakin rami.

Haka ma ƙasusuwan Jabal Sahaba, kusa da Wadi Halfa, da aka tono a 1964: kwarangwal 61 masu shekara sama da 13,000, da yawansu da ɓarɓashin tsinin dutse a jiki. An daɗe ana cewa yaƙi guda ne ya kashe su. Da aka sake duba su a 2021 da sababbin na'urori, sai aka ga raunuka fiye da 100 da ba a lura da su ba, wasu sun warke kafin mutuwa. Ashe hari ne bayan hari, shekara da shekaru. Ba don an adana su ba, da labarin farko ne zai tsaya.

Bari in ɗan ratse. Tun bayan rikicin Nilu Shuɗi na 2022, inda maganar sarauta da mallakar ƙasa ta jawo asarar ɗaruruwan rayuka kuma aka yi ta jifan Hausawa da kalmar baƙi, na sha jin samarinmu suna cewa ai mu jikokin Kush ne, daga nan muka tafi yamma, dawowa gida muka yi. Na san zafin da ke haifar da maganar. Tana da tsohon tushe ma: wasu Turawan mulki, irin su A. J. Arkell, sun yi hasashen cewa da Marawi ta faɗi a ƙarni na 4 gidan sarautarta ya gudu yamma, kuma an daɗe ana koyar da cewa daga Marawi sana'ar narkar da tama ta bazu zuwa Afirka ta Yamma, saboda tuddan kashin ƙarfe da ke kewaye da birnin. Amma tono bai goyi bayan wannan ba. Matoyar tama da aka samu a Taruga, kusa da Abuja, ta kai ƙarni na 5 ko na 4 kafin Miladiyya, wato kusan tsarar ta Marawi ce. Rubutun Marawi mai haruffa 23, wanda wani masani Bature, Griffith, ya gano yadda ake furta shi wajen 1911, har yau ba a gama fahimtar harshensa ba, amma ɗan abin da aka gane yana nuna ɗan'uwan Nubanci ne, ba dangin Hausa ba.

Idan akwai igiyar da ta haɗa mu da Nilu a can da, ta fi Marawi tsufa nesa. Wadi Hawar, busasshen kwarin da ya taso daga gabashin Chadi ya bi arewacin Darfur har ya iske Nilu kusa da Tsohuwar Dangola, kogi ne mai ruwa shekaru dubbai da suka wuce. Masu bincike daga Jami'ar Kolon ta Jamus sun samu ƙasusuwan kifi da dorina da kada a cikinsa, da zangon makiyaya shanu birjik. Wasu masana harshe suna hasashen ta wannan kwari kakannin masu harsunan dangin Hausa suka bi zuwa Tafkin Chadi. Hasashe ne, akwai masu ja da shi. Ko ya tabbata, ba takardar gona ba ce. Haƙƙin wanda kakansa ya sare dajin Nilu Shuɗi, ya haƙa magudanan Jazira, bai rataya kan Fir'auna ba.

Mu koma kan tambayar majalisa, don akwai wani ɓangarenta da littafin rubutu bai amsa ba. Mutane suna lura da lokacin da masu asar, wato masu binciken kayan tarihi, ke zuwa. Da za a gina madatsar Aswan, duniya ta taru ƙarƙashin UNESCO daga 1960. Turawan ƙasar Folan suka tono majami'ar Faras daga cikin yashi, suka ɓamɓare zanen bangonta sama da 120, aka raba tsakanin Khartum da Warso. Aka kwance haikalin Buhen da na Samna da na Kumma dutse-dutse, aka sake tayar da su a harabar gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1971. Aiki ne na ban mamaki. A daidai lokacin kuma aka kwashe mutanen Wadi Halfa kusan 50,000 a jirgin ƙasa zuwa Khashmal Girba, suka bar dabinonsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa. Da aka zo madatsar Marawi a shallal na huɗu (wata Marawi ce daban, ba tsohon birnin ba), wadda aka buɗe a 2009, Manasir, mutanen yankin, suka ce ba za a maimaita da su ba. Suka kori tawagogin tono daga ƙasarsu, a kan cewa ba za a ceci matattu a bar rayayyu ba, kuma kwashe asar share fage ne ga ruwan da zai cinye su. Wurare da yawa sun nutse ba a rubuta su ba. Asara ce, amma ban ga ta inda zan ɗora wa Manasir laifin ba.

Wani ɗan ƙanwata da ya yi zaman dahaba a wajen Abu Hamad ya taɓa ba ni labarin yadda suke yi idan diga ta faɗa kan tsohon kabari. A duba wuya da hannu da kunne, a sa jihaz, in babu komai a wuce. Na ce, tukwanen fa? Ya ce, "Kawu, wa zai sayi tukunya? In ka kai rahoto a kore ku daga wurin, jihaz ɗin da aka ci bashi aka saya a ƙwace." Lissafinsa daidai ne. Doka ta ce asar na gwamnati ne, amma wanda ya kai rahoto hasara yake gani, wanda ya yi shiru ya ci riba. Ga shi kuma an taso an gaya masa waɗannan kayan arna ne, bai ga abin da ya haɗa shi da su ba. Mai gadi guda da sanda ba zai tsare kufai mai faɗin gari ba, balle hamada.

Sai yaƙi ya zo ya nuna cewa ko abin da aka kai ma'ajiya bai tsira ba. Gidan tarihi na ƙasa yana Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗi suka haɗu, wato tsakiyar fagen daga tun 15 ga Afrilun 2023. A watan Yunin shekarar aka ga bidiyon mayaƙan Da'am Sari, wato RSF, a ɗakin da ake adana tsofaffin gawarwaki. A 2024 rahotanni suka fito cewa ana fitar da kaya a manyan motoci, UNESCO ta gargaɗi 'yan kasuwar kayan tarihi kada su saya. Da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, ma'aikata suka tarar da akwatunan gilashi a farfashe, ɗakin zinariya wayam. Abin da ya yi nauyin ɗauka, irin manyan mutum-mutumi da haikalan harabar, shi ya rage. Gidan Khalifa a Umdurman, da gidan tarihi na Niyala, da fadar Sultan Ali Dinar a Fashir, duk abin ya shafe su.

Nan wasu suka fara cewa ashe gara da Turawa suka kwashe nasu kason. Maganar tana da sauƙin faɗa. Gidan da ke Balin shi ma bama-bamai sun rushe shi a Yaƙin Duniya na Biyu, ba wanda ya ce don haka Jamusawa ba su cancanci riƙe tarihinsu ba. Kan tagullar Kaisar Agustas da mayaƙan Marawi suka ciro daga Masar suka binne a ƙarƙashin matakalar haikalinsu don a riƙa takawa, wanda wani Bature, Garstang, ya tono a 1910, yana Landan lafiya lau; yara nawa ne na Shandi suka taɓa ganinsa? Abin da yaƙin ya nuna a zahiri shi ne, a cikin kayan da aka sace ma akwai masu gata da marasa gata. Wanda ke da lamba da hoto a rajista, in ya ɓulla a kasuwar gwanjo ko a kan iyaka, ana iya cewa ga shi, namu ne, a nemi a dawo da shi. Wanda ya fito daga ramin dahaba ba a ma san ya taɓa wanzuwa ba. Zobe ne, a narkar da shi a kasuwar Abidiyya ya bi sauran giram.

Akwai wani abu a dokar asar ta 1999 da bai kamata ya wuce mu ba: abin da ya kai shekara 100 yana iya shiga ƙarƙashinta. Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, 'yan shekaru bayan yaƙin Burmi na 1903, ya haura wannan adadi. Hanyar alhazai ta ƙasa kuwa, daga Kano da Borno ta Wadai, zuwa Junaina da Fashir da Ubayyid, har Sawakin, ta girme shi nesa, kuma Takari, mutanen Afirka ta Yamma, sun zauna a Gallabat tun kafin Turawa. Amma ƙarfin binciken asar a Sudan ya tattara ne a bakin Nilu daga Khartum zuwa arewa. Ko Soba, babban birnin daular Alwa ta Kirista da ke bakin Khartum, sai da aka gama kwasar jan bulonta aka gina sabon birnin a ƙarni na 19 kafin a waiwaye ta. A Sawakin hankali ya fi karkata ga tsibirin: gidajen attajirai na dutsen murjani masu hawa biyu da uku, waɗanda suka fara zubewa bayan an buɗe Bur Sudan a 1909 aka daina yi musu shafen farar ƙasa, da masallatan Hanafi da Shafi'i da Turkiyya ta gyara. Alhajin da ya iso da ƙafa bayan shekaru a hanya ba a tsibirin ya kwana ba. A bakin gaɓa ya kafa bukka yana jiran jirgi, kuma bukka ba ta barin bango.

Tana barin wasu abubuwan dai: murhu, ramin turke, rijiya, juji. Masu tsoron a taɓa musu iyaye su kwantar da hankali, a al'adar aikin nan a Sudan ba a tone kabarin Musulmi. Zamanin Musulunci daga gidaje da kasuwanni da bola ake karanta shi, kamar yadda 'yan Folan suka yi a Tsohuwar Dangola, inda aka mayar da zauren sarautar daular Makuriya masallaci a 1317. Tsohon jujin wata unguwa a Mai Wurno zai iya amsa tambayoyin da tsofaffinmu suka tafi da amsarsu. Tukwanen hawan ƙasa, ginin matan da suka zo daga Sakkwato ne, ko a kasuwar Sinnar aka saya? Akwai ramukan marina, kuma yaushe aka daina? A wane hawa doka, wato kaskon gashin kisra, ta fara bayyana a gefen tukunyar tuwo? Akwai sassan koyar da asar a jami'o'in Khartum da Shandi da Dangola, kuma irin wannan aiki ba ya cin kuɗin da dala ke ci: igiyar awo, cokalin magini, rariya, kyamara, da izinin hukuma da na masu unguwa. Abokin tserensa shi ne siminti. Duk wanda ya samu kuɗi daga Saudiyya ko daga dahaba, abu na farko shi ne ya rushe ɗakin ƙasa na kakansa, ya haƙa harsashi mita ɗaya da rabi, a loda ƙasar a karo a kai cikon rami.